Rage harajin gidaje da gyaran ƙananan hukumomi: yadda lissafin yake a Damagaram

A shekarar 2024 gwamnatin Nijar ta sauke farashin man fetur, ta rage kuɗin asibiti da rabi, ta kuma sassauta farashin siminti. Tun daga nan masu gidajen haya da ƴan kasuwa a Damagaram suke tambayar ko lanho, wato haraji, ma zai sauka. A watan Afrilu na 2024 ɗin ne kuma aka rushe majalisun kansiloli na duk ƙasar, aka naɗa kantomomi su riƙe ƙananan hukumomi. Maganganun biyu sun cakuɗe a bakin jama'a, har wani yakan tafi ma'aikatar magajin gari neman ragi a kan harajin da ba ita ta ɗora ba, kuma ba ta da ikon cire ko dala ɗaya daga cikinsa.

Haraji kala-kala da ake kira da suna ɗaya

Kalmar lanho ta rufe abubuwa da yawa, kuma daga nan ruɗanin ke farawa.

Akwai harajin kai na ƙaramar hukuma, wanda ake ɗorawa a kan mutum baligi ba a kan dukiyarsa ba. A ƙauyuka da dama sefa 700 ne a shekara, wato dala ɗari da arba'in, cikin birni kuwa yakan kai jika ɗaya da rabi, wato sefa 1,500. Mai gari ko mai unguwa ne ke tattara shi bisa takardar iyali, a ba shi ladansa daga abin da ya tara. Wannan kuɗin na ƙaramar hukuma ne kacokan.

Harajin gida na ainihi daban ne. Ana lissafa shi ne a kan kuɗin hayar da gini ke kawowa, ko wanda zai iya kawowa a shekara, kamfanoni kuma a kan ƙimar gine-ginen da ke cikin littafinsu. Gidan da magidanci ke zaune a ciki da iyalinsa doka ta yafe masa. Saboda haka dattijon da ke zaune a gidan gado a tsohuwar unguwar Birni ba shi ne ake nufi ba, sai in ya fasa katanga ya fitar da shaguna ya ba da haya. Dokar haraji ta ƙasa ce ke yanke kason, Babbar Hukumar Haraji, DGI, ita ke karɓa.

Dokar kasafin kuɗi ta 2018 ta ƙaro harajin mazauni, wanda aka ɗaure da ƙarfin mitar lantarki, ana biyan shi cikin takardar kuɗin wuta ta kamfanin lantarki na ƙasa, NIGELEC. Yana cikin abubuwan da suka fitar da ƙungiyoyin farar hula kan titi a Yamai da Damagaram da wasu garuruwa a wancan lokacin, har aka kama su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika a watan Maris na 2018.

Sauran su ne patanti na masu sana'a, tikitin kasuwa da kuɗin rumfa, kuɗin tasha, na kwata, na kabu-kabu da adaidaita, da kuɗin da ake biya in za a sauya suna a takardar fili. Na ƙarshen nan sau ɗaya ake biyan shi, amma mutane da yawa suna ɗaukar cewa tunda sun biya sun gama da hukuma a kan gidan har abada.

Hanyar da kuɗin ke bi

Abin da mai karɓar kuɗi na ma'aikatar magajin gari ya tara a kasuwar Dole ko a tasha yana shiga asusun birni kai tsaye. Harajin gida da patanti kuwa sai sun biya ta baitulmali tukuna, daga baya a maido wa ƙaramar hukuma kasonta. Matsalar tana cikin "daga baya" ɗin nan. In baitulmali na cikin ƙunci, albashi da tsaro da biyan bashi ne a gaba, kason ƙananan hukumomi ya jira. Birni zai rubuta adadin a kasafinsa tun watan Janairu, ya tsara yasar magudanai kafin damina a kansa, amma kuɗin su iso bayan ruwa ya riga ya yi ɓarna, ko su zo gutsure-gutsure.

Wannan tsari yana haifar da wani abu da ba a cika lura da shi ba. Wanda ya san gidajen, wato ma'aikatar magajin gari da masu unguwanni, ba shi ke karɓar harajin ba. Wanda ke karɓa kuma yana da manyan kifaye a gabansa: harajin kamfanoni, na albashi, na cinikin kaya. Jami'in haraji da aka ɗora wa adadin da zai kawo a ƙarshen wata ba zai ɓata kwana uku yana neman mai gidan haya a Garin Malam a kan jika talatin ba, alhali takarda ɗaya ta babban kamfani za ta ba shi ninkin haka sau ɗari. Sakamakon shi ne harajin gida yana faɗawa ne a kan waɗanda ke da sauƙin kamawa, musamman masu ba ma'aikatun gwamnati da bankuna da ƙungiyoyin agaji haya, domin su ana cire harajin tun kafin kuɗin haya ya kai hannun mai gida.

Akwai kuma hukumar ANFICT, wadda aka kafa da dokar 2008 domin raba tallafin gwamnati ga ƙananan hukumomi da rage tazara tsakanin masu hali da marasa hali. Ita ma abin da baitulmali ya saki take rabawa.

Yadda aka zo nan

Damagaram ta san haraji tun kafin Nasara, ta kuma san na Nasara da kyau, domin ita ce hedikwatar mulkin mallaka har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Kuɗin kai da jangali sun bar tabo: mutane sun san haraji a matsayin abin da ake karɓa da ƙarfi a tafi da shi. A ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin uraniyom suka shigo, gwamnatin Seyni Kountché ta soke kuɗin kai na ƙasa, aka bar ɗan kason da ke zuwa ga gundumomi. Shi ne kakan harajin 700 na yau.

Zaɓen ƙananan hukumomi da ya kafa tsarin yanzu an yi shi ne a watan Yulin 2004, da ƙananan hukumomi 265. A watan Satumban 2010 aka fitar da kundin dokokin ƙananan hukumomi, aka ba Yamai da Maraɗi da Tahoua da Damagaram matsayi na musamman, aka raba birnin Damagaram da'ira biyar. An sake zaɓe a Janairun 2011, sannan aka yi ta ƙara wa kansiloli wa'adi har Disamban 2020. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na ayyukan ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Aikin ya sauko, kuɗin da ma'aikatan ba su biyo shi daidai gwargwado ba.

Kundin na 2010 ya wajabta a ware aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum domin ayyukan raya ƙasa. A takarda kowane kasafi yana cika wannan sharaɗi, in ba haka ba ba zai wuce ba. A aikace albashi da man mota da kuɗin zaman majalisa su ake fara biya, abin da ya rage shi ne na gini.

Filaye: rijiyar da ake ɗiba ba ta tsatsowa

Da harajin gida ya kasa kawo abin kirki, biranen Nijar sun koma ga yankan filaye. A karɓi gonakin bakin gari, a auna, a ba masu gona kasonsu na filaye, a sayar da sauran. Ita kanta gwamnatin tsakiya ta taɓa biyan ma'aikata bashin albashi da filaye. Hanya ce mai sauri, kuma ba wanda ke zanga-zanga a kanta ranar da aka yi ta.

Illarta tana zuwa ne a hankali. Fili sau ɗaya ake sayar da shi, amma unguwar da ta tsiro a kansa za ta nemi titi da famfo da makaranta da wurin zubar da shara har illa masha Allahu. Kuɗin sayarwar da ya kamata su shimfiɗa waɗannan abubuwa sukan tafi wajen biyan albashin da ya taru. A Damagaram nauyin ya ninka, domin garin yana zaune a kan dutse, ruwan shansa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo Machaya da Aroungouza da Ganaram. Kowace sabuwar unguwa ƙarin bututu ne a kan ruwan da dama bai isa ba. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen birnin da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa sun haura dubu 320, kuma gari bai daina faɗi ba tun lokacin.

Yawancin masu filaye takardar sayarwa ta ma'aikatar magajin gari kawai suke riƙe da ita, ba cikakkiyar takardar mallaka ba, duk da cewa tun 2006 aka sauƙaƙa samun wadda ake kira Sheda. Fili yakan sauya hannu sau uku ko huɗu sunan mai shi na farko yana nan a rajista, saboda kowane mai saye yana gudun kuɗin sauya suna. In hukuma ta tashi aika takardar haraji, sunan mamaci ko na wanda ya koma Kano shekara goma da suka wuce za ta tarar. Ga kuma filayen da aka saya aka ajiye ana jiran su yi tsada, su zama juji da maɓoyar ɓata-gari, ba sa kawo wa gari komai.

Lissafin ragi

A ɗauki misali don a ga yadda abin ke aiki. Gida a Sabon Gari ana hayarsa jika 30 a wata, wato 360,000 a shekara. In kason kashi 10 ne, harajinsa 36,000. A ce akwai irin wannan gida guda 1,000, amma 100 ne kawai ke biya: an tara miliyan 3.6. In aka rage kason zuwa kashi 5, kowane gida 18,000 zai biya. Masu biya suka tsaya a 100, an yi asarar rabi. Sai sun kai 200 a dawo inda ake, in suka kai 300 a samu miliyan 5.4. Duk gardamar ragi tana rataye ne a kan tambaya ɗaya: mutum nawa ne cikin 900 ɗin nan za su fara biya saboda an rage?

An gwada wannan a zahiri a birnin Kananga na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a 2018. An ba wasu gidaje cikakken haraji, wasu an rage musu kashi-kashi har zuwa rabi. Inda aka rage rabi, masu biya sun ninka fiye da sau biyu, kuɗin da aka tara kuma bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Sai dai a can an bi gida-gida an yi rajista, kowa ya karɓi takardarsa a hannu. A wannan aikin ne kuma aka ga cewa inda masu unguwanni suka yi karɓar, an fi tara kuɗi, saboda sun san wanda ke da hali da kuma lokacin da ya dace a je masa. Abin da gwajin ya nuna shi ne ragi yana aiki a kan wanda aka riga aka sani, aka kuma kai masa takarda. Wanda sunansa ba ya cikin kowace rajista ba ya biyan komai yau, don haka ragi ba zai motsa shi ba.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu neman a rage suna da hujjoji masu ƙarfi. Kasuwanci ya sha wuya tun rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma Damagaram gari ne da numfashinsa ke haɗe da Kano ta Magarya da Matamaye. Ƙungiyoyin waje da ke biyan haya mai tsoka sun ragu. Haraji mai nauyi yana sa mai gida ya ɓoye yarjejeniyar haya, ko ya rubuta rabin kuɗin, ko ya sasanta da jami'i a bayan fage. Sannan suna tambayar abin da suka gani a ƙasa: shara na nan, magudanai a toshe, kuma kowa ya ga yadda ruwan 2024 ya rusa gidaje har da tsohon masallacin Birni.

Masu cewa kada a taɓa suna amsawa da cewa magudanan ba za su yashe kansu ba. Harajin gida shi ne wanda ya fi dacewa da birni, tunda gini ba ya tsallaka iyaka kamar buhun shinkafa, kuma titi ko kwalbatin da aka yi a unguwa mai gida ne ke cin ribarsa ta hanyar tsadar haya. Sun ƙara da cewa tunda gidan zama an yafe shi, ragin zai amfani mai gidaje biyar ne, ba mai turin ruwa ba. In kuɗin birni suka ragu, giɓin zai koma kan tikitin kasuwa, wanda mai tallar ƙuli-ƙuli ke biya kullum.

Akwai ra'ayi na uku, wanda ya fi yawa a wajen masu aikin kuɗin ƙananan hukumomi: a rage kason, a faɗaɗa rajista, a ɗora wani abu a kan filayen da aka bari kango, a kuma bar wa birni kasonsa nan take ba sai ya zagaya baitulmali ba. Rauninsa shi ne yana buƙatar kuɗi da ma'aikata tun kafin ya fara kawo riba, kuma zai taɓa mutanen da ke da bakin magana a gari.

Kantoma ko zaɓaɓɓe

Masu goyon bayan naɗin kantomomi suna cewa majalisun da aka rushe sun zama fagen rabon jam'iyyu, ana tsige magajin gari a naɗa wani saboda lissafin siyasa, ana ba ƴan jam'iyya aikin karɓar kuɗin kasuwa. Kantoma ba ya neman ƙuri'ar kowa, don haka zai iya tunkarar babban ɗan kasuwar da zaɓaɓɓe ke jin nauyinsa. Yana kuma rage kuɗin zaman majalisa.

Masu suka suna cewa kantoma ga wanda ya naɗa shi yake ba da bahasi, ba ga mazauna unguwa ba. A da, ko ba komai kasafi yana bi ta gaban kansiloli a zaman da doka ta ce a buɗe yake ga jama'a, sarakunan gargajiya ma suna da kujera ta ba da shawara. Haraji kuwa yana tafiya ne da yarda: wanda bai san inda kuɗinsa ke zuwa ba zai nemi hanyar zillewa ko wa ke kan kujera. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya tsara wa'adin shekara biyar, an kuma rushe jam'iyyu, saboda haka tambayar da ta fi kusa ita ce wace hanya za a buɗe wa jama'a su ga lissafi a ƙarƙashin kantoma. Liƙa kasafi da abin da aka tara duk wata uku a ƙofar kowace da'ira, da karanta shi da Hausa a gidajen rediyo, ba ya buƙatar sabuwar doka.

Maƙwabta ma suna fama da irin wannan. A Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta riƙe su da kantomomi. Aiwatar da hukuncin ya zama wani aikin daban.

Aikin rajista da inda yake lalacewa

Biranen Benin, irin su Parakou da Kwatano, sun fara rajistar filayen birni tun wajen 1990. Freetown ta Saliyo ta yi nata a 2020 da tsarin maki. Matakan kusan iri ɗaya ne. A ɗauki hoton gari daga sama, a ba kowane gini lamba a rubuta ta a ƙofa. Ma'aikata su bi layi-layi da mai unguwa suna rubuta abin da ido ke gani: faɗin gini, laka ne ko siminti, rufin kwano ko dakali, bene ne ko ƙasa, yana bakin kwalta ko cikin lungu, akwai famfo da wuta ko babu, shago ne ko ɗakin kwana. Kowane abu da makinsa, jimillar maki ita ke fitar da haraji. Amfanin wannan shi ne ba a dogara da abin da mai gida ya faɗa game da kuɗin haya ba, kuma maƙwabci zai iya kwatanta takardarsa da ta maƙwabcinsa.

Wuraren da aikin ke rushewa sanannu ne. Ana yin ƙidayar da kuɗin mai ba da tallafi, in ya tafi ba mai sabuntawa, bayan shekara biyar rajistar ta zama tarihi. Ma'aikatar magajin gari tana da nata jerin, ofishin haraji da nasa, ofishin safiyo da nasa, lambobin ba sa haɗuwa. Ana raba takardu a lokacin da aljihu ya bushe, gab da azumi ko tsakiyar damina, maimakon bayan kaka. Ba a buɗe ƙofar ƙorafi, sai wanda aka yi wa kuskure ya ƙi biya ya kuma zuga unguwa. In aka bar mai unguwa ya riƙe tsabar kuɗi da littafin rasit a hannu ɗaya, wata ƙofar ɓarna ce. Ya nuna gida ya raka ma'aikaci, biya kuwa ya bi ta waya ko ta taga, da rasit mai lamba.

Wa zai ji a jikinsa

Ɗan haya kada ya sa ran ragin zai sauko masa kai tsaye. Kuɗin haya a Damagaram yawan masu nema ne ke yanke shi, musamman kusa da Jami'ar André Salifou da unguwannin da ruwan famfo ke zuwa a kai a kai. In haraji ya hau mai gida yakan ɗora wa ɗan haya, in ya sauka ba kasafai yake mayarwa ba.

Mai gidan hayar da ke biya yau shi ne zai fi cin moriyar ragi. Wanda bai taɓa biya ba kuwa, in aka haɗa ragi da rajista, takarda za ta zo masa karo na farko, kuma a wurinsa ƙari ne ba ragi ba. Magada da ba su raba gida ba za su fuskanci tambayar sunan wa za a rubuta, don haka rangwamen kuɗin sauya suna na ɗan lokaci yakan fi ragin harajin kansa jawo mutane zuwa ofis.

A ƙananan hukumomin karkara na jihar Damagaram, irin na yankunan Mirya da Gure da Tanut, harajin gida kusan ba ya cikin lissafi. Abin da ke riƙe su shi ne 700 ɗin nan da kuɗin kasuwannin mako da na dabbobi, sai tallafin da ke zuwa daga Yamai. Gona ba ta cikin harajin gini, kuma rajistarta tana hannun kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada. Manomin da ke gudun yin takardar gonarsa don tsoron lanho yana barin ta ba kariya ne ranar da masu awon filaye suka iso bakin ƙauyensu.